Ɗakin matuƙi ne ke tona asirin mai ƙera ƙaramin jirgi

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da matasanmu masu ƙera ƙananan jiragen sama na ajiya, waɗanda ake yawan buga hotunansu ana yaba musu. Yabon ya dace da su. Sai dai akwai wuri ɗaya da kusan kowa ke gudu, shi ne ɗakin matuƙi. Za ka ga fiffike ya tsaru, wutsiya ta miƙe, fenti yana ƙyalli, amma da ka leƙa ta gilashi sai ka tarar da rami wayam, ko kuma an shafe gilashin da baƙin fenti don kada ido ya shiga. In an tambaya, amsar ita ce babu kayan aiki a ƙasar nan. Mu kuwa muna ganin kayan suna nan zube a kowane gida. Awo ne ya yi ƙaranci.

Don kada maganar ta tafi a iska, bari mu ɗauki jirgi ɗaya mu bi shi, wato Hawker Hurricane na Ingila, wanda ya fara tashi a 1935. Ba baƙo ba ne a sararinmu. A lokacin yaƙin Hitila, daga watan Satumba na 1940, akan kawo irinsa cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa shi a can, ya taso ta Legas, ya sauka Kano, ya wuce Maiduguri, ya bi ta Njamena da Hartum har Masar. Ban da tarihi, cikinsa makaranta ce ga mai koyo, domin ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne da aka sarƙa, kuma na ɗakin matuƙi ana ganinsu daga sama.

Abu na farko shi ne a tsayar da ma'auni, kuma kada a sauka daga kansa har a gama. Muna ba da shawarar 1/24, wato kowane awo na jirgin gaske a raba shi gida 24. Faɗin fikafikan Hurricane mita 12.19 ne, saboda haka na hannunka zai zo santimita 50.8. Matuƙi mai tsawon mita 1.75 zai koma santimita 7.3. Bututu mai kaurin milimita 25 zai koma kimanin milimita 1. Babban agogon allo, wato ma'aunin da ke jikin allon gaban matuƙi, mai faɗin milimita 80 zai zo 3.3, ƙarami mai 57 ya zo 2.4. A juya lissafin kuma a ga haɗarin: kuskuren milimita ɗaya a hannunka daidai yake da milimita 24 a jirgin gaske. Wanda ya yanka kujera daga katin ATM mai kaurin milimita 0.76 ya yi wa matuƙi kujerar ƙarfe mai kaurin milimita 18, kuma ido zai gane haka ko da mai kallon bai san lissafi ba. Shi ya sa kalifa, ma'aunin kaurin nan mai baki biyu na masu gyaran inji, ta fi kowane fenti mai tsada amfani. A yanka ɗan mutum na kwali mai tsawon santimita 7.3 in ya miƙe, amma a yi shi a zaune, a riƙa gwada shi: ƙafarsa ta kai feda? Hannunsa na hagu ya kai totur? Kansa bai bugi rufi ba?

A tara hotuna da zanen jirgin tun kafin a taɓa reza, kuma a fifita hotunan lokacin yaƙi, don jiragen da aka gyara suna tashi a yau an ƙara musu rediyo da agoguna na zamani.

Kayan aikin kuwa, ga su. Gwangwanin lemo na alminiyam, wanda kaurinsa ya kusa milimita 0.1, shi ne na kujera da ƙananan faranti. Wayar lantarki ta jan ƙarfe mai sili ɗaya, wadda aka rubuta wa 1.0, kaurinta milimita 1.13 ne, ita ce bututun ƙashin jirgi. Siraran silin da ke cikin wayar fanka ko ta dutsen guga, masu kimanin milimita 0.2, su ne igiyoyi da zobban agogo. Dalmar masu gyaran rediyo tana lanƙwasuwa ta tsaya inda aka ajiye ta, ta dace da tiyo. Allurar sirinji sabuwa, lamba 21, bututu ce mai kaurin milimita 0.8. Roba mai laushin yanka kuma ana samunta a kofin yogot da rufin abincin ɗauka, amma a duba ƙasansu a ga lamba 6 cikin alamar nan mai kusurwa uku. In lamba 5 aka gani a bar ta, gam ba ya kama ta, fenti ma ɓarewa yake yi. Sai reza, matsefata, filaya mai tsini, samfefa lamba 400 da 800, sufa gulu, da farin gam na kafintoci.

Kafin a gina komai sai a auna cikin jikin jirgin, ba wajensa ba. Nan ne da yawa ke faɗuwa. Zane yana nuna faɗin waje, alhali bangon robar hannunka na iya kai milimita 1.5 kowane gefe, ka ga milimita 3 sun tafi ke nan. In ka gina ɗaki bisa awon zane, ranar haɗa ɓari biyu na jikin jirgin za su ƙi rufuwa, in ka matsa kuma aikin wata guda ya murƙushe a ciki. Maganinsa a kankare bangon ta ciki da bayan reza har haske ya fara ratsa shi, sannan a yanka kwali daidai siffar ciki a wuri uku: wajen allo, wajen kujera, da bayan kujera. Waɗannan kwalaye uku su ne iyakarka. Duk abin da aka ƙara, a rufe jikin da salatif a gwada, ko sau talatin ne.

Yanzu ƙashin bututu. Wayar da aka fere daga robarta ba ta taɓa zuwa a miƙe. A ɗaure baki ɗaya a wani abu mai ƙarfi, a kama ɗayan da filaya a ja har a ji ta ɗan ba da kai. Za ta miƙe sambal, ta kuma ƙara tauri. A zana gefe ɗaya na ƙashin a takarda, a manna a katako, a kafa ƙananan ƙusoshi su riƙe kowace waya a kan layinta, sannan a yi walda da dalma. Gefe na biyu a kan wannan katakon za a yi shi, ba a wani sabon zane ba, don su fito tagwaye. Matsalar da za a tarar ita ce jan ƙarfe yana kai zafi da sauri, kana haɗa wannan gaɓa ta kusa da ita tana narkewa. A ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kan gaɓar da aka gama, a goge bakin waya da samfefa har ya yi haske, a taɓa da sauri a janye. Wanda ba shi da abin walda zai iya da sufa gulu, a ɗiga da tsinin allura, a yayyafa garin bekin soda kaɗan ya daskare nan take, sai dai a goge tudun kafin ya kwana, don in ya kwana ya fi abin da ke kewaye da shi tauri.

Akwai abin da ke raba wanda ya yi nazari da wanda ya kwaikwaya daga nesa. Bututun Hurricane ba walda aka yi musu ba. An daddale bakunansu ne aka haɗa da faranti da ƙusoshi. Saboda haka kowace mahaɗa tana son ɗan faranti na gwangwani, milimita 2 zuwa 3, a danna masa ɗigo uku ko huɗu da tsinin allura daga baya su fito kamar kan ƙusa. Farantin nan kuma yana rufe munin dalmar da ta taru. Haka nan, jirgin ba shi da daɓe. Matuƙi yana ɗora dugadugansa ne a kan dogayen faranti biyu masu kama da kwararo, a ƙarƙashinsu kuwa sarari ne har cikin jirgin. Duk wanda ya shimfiɗa kwali ya yi daɓe ya ɓata jirgin, komai kyan fentinsa.

Kujera daga gwangwani take fita, amma gwangwani yana da taurin kai, in an lanƙwasa shi sai ya koma ko ya tsage. A goge fentinsa da samfefa ciki da waje, a shafa masa sabulu, a riƙe da filaya a kan wutar gas sama-sama. Da sabulun ya yi baƙi a janye, ya yi laushi ke nan. In aka ƙara ko kaɗan zai yamutse. A fara yanka kujerar a takarda, a naɗe a gwada da ɗan mutumin kwali, sannan a mayar kan ƙarfe. Kujera mai faɗin santimita 40 za ta zo milimita 17. Gindinta ya yi zurfi kamar kwano, domin a kan laimar tsira matuƙi yake zama. Layin lanƙwasa a ja shi da biron da tawadarsa ta ƙare, kada a ja da reza. A bi bakin kujerar da silin waya 0.2 don ya ba da leɓen nan mai naɗi. Bayanta sai farantin sulke, shi kam ya halatta ya ɗan yi kauri, robar milimita 0.3 ta isa.

Allon agoguna shi ne zuciyar aikin, a nan ya kamata a zauna. Hanya mafi kyau ita ce hawa huɗu kamar waina da aka jera: bayan allo na roba milimita 0.5, takardar da aka buga fuskokin agogo, siririyar roba mai haske irin ta kwalin sabuwar riga, sannan fuskar allo mai huji, wadda ba ta wuce milimita 0.25 ba. A tsakiyar allon jiragen Ingila na wancan zamani akwai wani faranti na daban mai agogo shida, uku a sama uku a ƙasa. Na sama daga hagu: mai nuna gudu, mai nuna kwanciyar jirgi da sararin sama, mai nuna saurin hawa da sauka. Na ƙasa: mai nuna nisa daga ƙasa, mai nuna alƙibla, mai nuna juyi da zamiya. A jirgin gaske farantin yana zaune a kan abin da ke shanye girgiza, ya ɗan fito gaba. A yi shi daban a manna a kai, inuwar da zai jefa ita ce ke ba allon rai. Agogunan inji suna dama, na iskar numfashi da makunnai suna hagu.

Fuskokin agogo a zana su a kwamfuta da girma ninki goma, fari a kan baƙi, sannan a rage. A buga da firinta mai garin tawada, domin mai tawadar ruwa tana malala da gam ya taɓa ta. A ja layi mai milimita 50 a gefen takardar, in an buga a auna shi da rula. Sau da yawa mai shagon yakan bar injin ya daidaita zane da faɗin takarda, sai komai ya ragu kaɗan, agogo ya kauce wa hujinsa. Zanen da aka buga agoguna da shi, shi za a manna a kan roba a yi huji, kuma a soka allura a kusurwa biyu ta ratsa duk hawa huɗun don su zauna daidai.

Hujin kansa yana son haƙuri. Tsakanin agogo da agogo wani lokaci bai kai rabin milimita ba, kuma siririyar roba tsagewa take yi. Kada a yanke siffar allon tukuna. A bar shi cikin babban falle, a liƙa a katako, a fara da tsinin allura, a bi da abin huji na milimita 1 ana murzawa da yatsu, ba da injin lantarki ba, don zafinsa narkar da roba yake yi. Daga nan a naɗe samfefa a tsinken sakace a faɗaɗa a hankali har 3.3. Sai an gama duk hujin za a yanke kewayen. Zobban bakin agogo kuwa, a naɗa silin waya 0.2 a jikin ƙusa mai kaurin hujin sau goma, a zare, a yanka naɗin a tsaye da reza, zobba goma sun fito. A danne kowanne tsakanin rula ta ƙarfe da gilashi ya kwanta, a sa bakin yankan ta ƙasa inda ido ba ya zuwa.

Gargaɗi ɗaya da muke so a riƙe da kyau: kada sufa gulu ya kusanci roba mai haske. Tururinsa yana sauka ya bar farin hazo, musamman inda yatsa ya taɓa, kuma in hazon ya kama cikin agogo ko cikin rufin gilashi bayan an rufe, babu hanyar goge shi. Farin gam na kafintoci shi ne na wannan wuri, yana bushewa garau. Ko a sauran sassa da aka yi da sufa gulu, a bar ɗakin a buɗe kwana biyu ya sha iska kafin a ɗora rufi. A kuma sani cewa danshi ne ke sa sufa gulu kamawa. Da damina kafin ka gyara zaman abu ya riga ya kama, da hunturu kuma sai ya yi ta jan lokaci. Hura masa numfashi kaɗan yana taimakawa, ƙara gam ba ya taimakawa.

Sandar tuƙi ta Hurricane zobe ce a sama, ba miƙaƙƙen mariƙi ba. A yi jikinta da allurar sirinji, zoben da waya 0.8 da aka naɗa a ƙusa mai milimita 5, a nannaɗe shi da zare siriri a shafa farin gam. Maɓallin bindiga yana saman zoben ta hagu, mariƙin birki yana bayansa. Kamfas yana ƙasan allo, gaban sandar. Totur da ƙaramar tayar daidaita hancin jirgi suna hagu. A dama akwai hannu ɗaya mai tafiya cikin tsaga mai siffar harafin H, shi ke sauke ƙafafun jirgi da marfin fikafikai, kusa da shi kuma dogon hannun famfo. Kan kowane hannu ɗigon farin gam ne a bakin waya, a bari ya bushe a ƙara wani har ya yi ƙwallo.

Ɗamarar matuƙi tana ɗaukar ido fiye da girmanta. Mai faɗin milimita 50 za ta zo milimita 2. Marfin ciki na gwangwanin madarar gari ya fi komai dacewa, yana da kauri kuma yana riƙe lanƙwasa. A shafe shi da bayan cokali, a yanka da rula, a jera huji a tsakiya da allura, don irin ɗamarar wancan lokaci huji gare ta da ƙusar da ke ratsa su, ba maƙulli irin na mota ba. A yi mata fenti ruwan kaki kafin a ɗora, a kuma bar ta ta faɗi yadda yadi ke faɗuwa, ɗaya ta karkace, ɗaya ta leƙo gefen kujera. Ɗamara biyu a miƙe kamar layin dogo ba ta taɓa yin kama da ta gaske.

Wajen fenti, a wanke komai da ruwan sabulu, man yatsa da ragowar man walda suna hana shi kamawa. A guji tinar fentin mota, tana cin robar lamba 6 ta mayar da ita kamar cingam. Fentin akirilik na masu zane ya wadatar, a tsinka shi kamar madara a yi shafi uku sirara, ana barin kowanne ya bushe. Shafi ɗaya mai kauri zai binne kan ƙusoshin da aka sha wahalar yi. Bututu da kujera ruwan azurfa, bangon sama kore mai ruwan toka. A fara da fari kashi 3 da kore kashi 2 da ɗigon baƙi, a gwada a wani guntu ya bushe tukuna, don yana ƙara duhu. Allo kada a yi masa baƙi wuluk, in an rufe jirgi ba za a ga komai ba. Toka mai duhu sosai ita ce baƙin wannan ma'auni. Zoben agogon matsin iskar inji ja, na man inji rawaya. Daga nan a tsinka fentin ruwa mai ruwan ƙasa da ɗigon sabulu a bar shi ya gangara cikin lunguna, a goga fensir a bakin kujera da inda dugadugai ke gurza. Jirgin da ya ratso Kano da Maiduguri ya sha ƙura, garin alli mai ruwan ƙasa a busasshen burushi zai nuna haka, amma a taƙaita.

Ƙurar gaske kuwa abokiyar gaba ce. Da hunturu ɗanyen fenti yana kwasar ta cikin minti kaɗan, sai a kifa roba mai murfi a kai da an ajiye burushi. In za a goge jikin jirgi da samfefa bayan an rufe, a toshe ɗakin da guntun soso da salatif. Kada a bar shi a taga ko cikin mota da rana, roba tana lauyewa. A wanke hannu bayan taɓa dalma, a nisanta reza da allura daga yara, kuma kada a goge zubabben sufa gulu da auduga, yana yin zafi har ya ƙona yatsa.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanka sun je wajen waɗannan matasa, su tambaye su a kan wane ma'auni suka ƙera, su kuma matsa da kyamara su ɗauko mana cikin ɗakin matuƙin. Malaman makarantun fasaha kuma muna roƙon su ware ko darasi biyu a zango na rage awo daga zane da amfani da kalifa, domin yaron da ya iya huda rami shida a fallen da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, kowanne a wurinsa, ya riga ya kama hanyar aikin inji.

Wassalam.

Daga wasu masu ƙera ƙananan jiragen sama, Kano.